Ranar da Mai Sanda Ya Kashe Waya

An yi wani mutum a wani ƙauye na bakin fadama, tsakanin Argungu da Augie. Ba zan faɗi sunansa ba, ba kuma zan faɗi sunan ƙauyen ba, domin 'ya'yansa suna nan da rai, kuma ba su suka yi laifin ba. Ko mutanen garinsu sun daɗe da barin kiransa da sunan yanka. Mai Sanda suke ce masa.

Ya 'yan uwa, sai na gaya muku labarin sandar tukuna, don in ba ku gane ta ba, ba za ku gane girman faɗuwar ba.

Duk wanda ya taɓa noma shinkafa a fadamar Rima ya san halin gulbi a ƙarshen damina. Idan aka tafka ruwa a can sama, ko aka saki na madatsa, sai ya cika ya malalo cikin gonaki, ya kwashe abin da ya tarar. Mutanen wannan ƙauye suna da dabararsu tun ta kakanni. Sun kafa wata azara ta giginya a bakin gulbi, an yi mata tsaga biyar don auna ruwa, ita ce sandar. Akwai irinta a can sama wajen Augie, wani dattijo mai suna Yari ke dubanta. Idan ruwa ya rufe tsaga ta huɗu a wurin Yari, to mutanen ƙasa suna da kamar daga faɗuwar rana zuwa asuba su kwashe abin da za su iya kwashewa. A da ɗan aike ake tayarwa a kan keke. Yanzu waya ce.

Wata shekara wani ya dawo daga kasuwa da jita-jita cewa ruwa yana tafe. Gari ya ruɗe. Aka faɗa gonaki da lauje, aka yanke shinkafa tana ɗanya, ƙwayarta ko ƙosawa ba ta yi ba. Aka jira ruwa, ruwa bai zo ba. Wannan shekarar mutane da hannunsu suka cinye kansu.

Daga nan dattawa suka zauna suka yanke magana. Ladan ba zai ƙara yin shelar ruwa a lasifikar masallaci ba sai ya ji daga bakin mutum ɗaya. Yari ya gaya wa mutumin, mutumin ya tabbatar, ya gaya wa ladan. Ko wa ya zo da labari, ko da kuka ya zo, amsar ɗaya ce: sai mun ji daga bakin Mai Sanda.

Wa za a ba? Sai wani tsoho da ake kira Baba Hodi ya miƙe ya nuna mijin 'yarsa Rauda. Wasu suka yi gunaguni, domin an san yaron ya yi ƙuruciya mai zafi lokacin da yake makaranta a Argungu, har an taɓa ɗauko shi a buge. Baba Hodi ya ce, "Wanga yaro ya tuba, ni na shaida. Da ban shaida ba, da ban ba shi ɗiyata ba." Ya cire hular kansa, wata zanna mai ruwan ƙasa, ya ɗora masa a gaban jama'a.

Shekara goma sha ɗaya yana riƙe da wannan aiki. Sau uku ya ce ruwa na tafe, sau uku ruwa ya zo, kuma ko dami ɗaya bai salwanta ba. Sau da yawa an kawo jita-jita ya ce ƙarya ce, ta kuwa zama ƙarya. Har ta kai ba maganarsa kaɗai ake saurare ba, shirunsa ma labari ne. In Mai Sanda bai ce komai ba, kowa ya yi barcinsa.

Ku riƙe wannan da kyau, ya 'yan uwa. Gari guda yana barci a kan shirun mutum ɗaya.

To, ranar wata Alhamis a cikin Satumba, an gama yankan shinkafar da ke nuna da wuri, an tara ta tari-tari a cikin fadama tana shan iska, ana jiran Asabar a fara bugu. Da sassafe mutumin ya je bakin gulbi ya duba azara. Ruwa na tsaga ta biyu. Ya yi hamdala, ya hau mota zuwa Birnin Kebbi sayen buhuna da tamfol, da niyyar ya dawo kafin la'asar.

Ya gama sayayya ke nan, yana ɗaure kaya a bakin kasuwa, sai ya ji an ƙwala wani suna da rabon da ya ji shi shekara goma sha biyar.

"Kurungu! Walle kai na! Dubi gemu, dubi carbi, awa limamin Juma'a!"

Ya waiga. Kalilu ne, abokin ƙuruciyarsa, wanda suka raba tabarma ɗaya da kwano ɗaya a makaranta, wanda kuma ya fara miƙa masa kwalba a duniya. Ya yi ƙiba, ya yi haske, ga agogo, ga tabarau a goshi. Tun da ya tafi Ikko tuƙin babbar mota ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba.

"Kalilu! Ashe ba ka mutu ba? An ce muna kihin teku ya haɗiye ka."

"Ya haɗiye ni, ya ji ɗaci, ya amayo ni. Taho nan, ɗan banza!"

Suka rungume juna a tsakiyar hanya, masu Keke Napep na ta danna musu oda. Kalilu ya ce jibi zai koma, kuma wallahi ba za su rabu a tsaye kamar baƙi ba. Ya san wani wuri da ake farfesun kan akuya, mai sanyi, babu hayaniya. Awa ɗaya kawai.

Mutumin ya duba rana, ya ga da sauranta. Ya ajiye kayansa a shagon mai buhuna. Ya bi shi.

Wurin yana bayan wani layin makanikai, a ƙarshen wani lungu. Ƙofar kwano ce, ba allo, ba suna. Da aka tura ta sai ga fili a ƙarƙashin dogon yaro, kujerun roba, firji biyu na gurnani, kiɗa na tashi daga wata ƙatuwar sifika. A kan kowane tebur kwalabe ne, wasu a tsaye, wasu a kwance. Warin ya doki hancinsa, ya gane shi nan take kamar jiya ya bar shi.

Ya tsaya a bakin ƙofa. Ya ce, "Kalilu, ni hwa na bar wanga abu."

"Yo wa yac ce ka sha? Zamna ka sha lemu, ka ci nama, mu yi hira. Ko hirar ma ka tuba da ita?"

A nan ne, ya 'yan uwa, a wannan bakin ƙofa. Taki ɗaya baya, da labarin ya ƙare, da yau ba ni da abin ba ku. Amma ya ji kunyar aboki. Ya ce a ransa, ai zama ba sha ba ne. Ya shiga, ya zaɓi kujerar da ta ba ƙofa baya, ya cire hular nan mai ruwan ƙasa ya ajiye a kan tebur don kada wani ya shaida shi.

Bai gama zama ba wayarsa ta yi ƙara. Rauda ce. Ya dubi wayar, ya dubi sifika. Idan ya ɗauka, za ta ji kiɗan nan a bayan muryarsa, me zai ce mata? Idan ya fita waje, makanikai na nan, kuma ba a rasa wanda ya san shi. Sai ya katse. Ya danna ya riƙe har wayar ta mutu, ya kife ta kusa da hular.

Kun gani? Bai ji tsoron Wanda ke ganinsa ba. Tsoron waɗanda za su ji shi ya yi. Wayar da gari guda ya rataya rayuwarsa a kanta, ya kashe ta don kada matarsa ta ji ganga.

Ba zan yi muku ƙarya ba, hirar ta yi daɗi. Shaiɗan ba ya gayyatar mutum zuwa wurin da babu daɗi. Suka tuno shekarar da suka shiga su a Argungu da gora ɗaya na aro, goran ya fashe a tsakiyar ruwa, Kalilu ya fito da takalmin wani a cikin homarsa ta kamun kifi yana ihu ya kama giwan ruwa. Suka yi dariya har hawaye. Suka tuno malamin lissafi mai bulala biyu. Suka lissafa abokan da suka rasu. Kalilu ya ba da labarin aurensa da ya mutu, da 'yarsa da ba a bari ya gani. Mutumin ya ji tausayinsa ƙwarai. Shi ma ya ba da labarin gonarsa, da 'ya'yansa huɗu, da azara mai tsaga biyar.

Kalilu ya buga tebur. "Kai! Ashe Kurungu an zama manya. Wato gari duka da izininka sunka kwana, da izininka sunka tashi?"

Mutumin ya yi murmushi, ya gyara zama. Ya ce, "In ban yi magana ba, ko sarkin gari ba shi sa a yi shela."

Aka kira la'asar tun suna kan nama, ya ce bari a gama. Rana ta yi ja. Aka kira magariba daga wani masallaci can nesa, kiɗa ya danne rabin kiran, ya yi kamar bai ji sauran ba. A tsakanin nan ne Kalilu ya karkato kwalbarsa a kan kofin lemon abokinsa.

"Rabin kohi. Don tuna da. Shekara sha biyar, Kurungu, rabin kohi ba shi kai ka wuta."

Ya sha. Ba wanda ya danne shi, ba wanda ya ɗura masa. Kofi na biyu shi ya miƙa. Kwalba ta uku shi ya ɗaga hannu aka kawo.

Yanzu mu bar su a nan, mu koma Augie.

Tun bayan azahar Yari ya ga ruwa ya canja launi, ya yi ja, yana tafe da karare da rassan itace. Kafin la'asar ya rufe tsaga ta uku. Tsoho ya ɗauki waya ya kira Mai Sanda, aka ce a kashe take. Ya sake kira. Ya sake. Rana na shirin faɗuwa ruwa ya shafe tsaga ta huɗu, abin da Yari bai taɓa gani ba a wuni ɗaya tun da yake. Hankalinsa ya tashi. Ya bi ta hannun wani mai sayen albasa ya samo lambar ladanin ƙauyen, Malam Aminullahi, ya gaya masa da bakinsa.

Malam Aminullahi ya tsaya a gaban lasifika, hannunsa a kan makunni. Ya tuna shekarar ɗanyar shinkafa. Ya tuna dokar da aka kafa a gabansa. Sai ya sauke hannu, ya tafi wurin Baba Hodi. Kafin ya isa labari ya riga shi, har wasu sun fara ɗaura wa shanu amalanke.

Baba Hodi ya ce, "Doka doka ta. Mu munka kafa ta. Nemi yaron, shina Birni, shi ka tabbatar muna."

Ladan ya yi ta kira, waya a kashe. Sai ya rubuta saƙo ya tura, ya ci gaba da gwadawa.

A can mashaya kuwa, ana gab da isha'i, mutumin ya ce bari ya nuna wa Kalilu hoton tarin shinkafarsa, ya ga abin da ake kira noma. Ya kunna waya. Ko hoton bai buɗe ba ta hau ruri a hannunsa. Ladan. Ya buɗe baki don ya gwada muryarsa, ya ji harshensa ya yi nauyi kamar an ɗaura masa dutse. Ya katse. Sai ga saƙo a fuskar wayar: Yari ya ce ruwa ya rufe tsaga ta huɗu. Gaskiya ne? In yi shela?

Giyar ta ɗan sake shi. Ya karanta sau biyu.

Ku saurara da kyau, don a nan ne ya halaka. Kalma biyu kawai ake nema gare shi: yi shela. Amma ya san abin da ke biye da su. Duk ranar da aka yi shelar ruwa, Mai Sanda ne ke tsayawa a bakin fadama yana tsara amalanke, yana cewa a fara da gonar wane, a bi ta hanya kaza. Dole ya hau mota yanzu, cikin awa ɗaya ya sauka a tsakiyar mutane, kafaɗa da kafaɗa da Baba Hodi, da wannan warin a bakinsa, da wannan tangaɗin a ƙafarsa.

Sai zuciya ta fara kawo masa hujjoji, kun san ba ta rasawa. Ai da safe a tsaga ta biyu ya bar shi. Yaushe ruwa ya taɓa cin tsaga biyu a wuni ɗaya? Yari ya tsufa, idonsa ya yi rauni. Ko ma gaskiya ne, ai da tazara.

Ya nuna wa Kalilu. Kalilu ya leƙa, ya ɗaga kafaɗa. "Ruwa mota garai? Bari warin ga shi sake ka, da asuba ka kama hanya. Kai da kac ce ba a shela sai da kai."

Mutumin ya sunkuya a kan wayar, ya rubuta: Na bincika. Ba komai. Kowa ya kwanta.

Bai bincika ba. Lambar Yari na nan a gabansa, da jerin kiran da ya yi masa, bai taɓa ta ba. Ya tura, ya sake kashe wayar, ya kife ta. Kalilu ya jawo shi jikinsa, ya ɗaga tasa wayar sama, ya ce, "Yi dariya, Kurungu, wa ya san ranar da za mu sake gamuwa?" Ya yi dariya. Aka ɗauki hoton.

Bayan sallar isha'i Malam Aminullahi ya karanta saƙon a ƙofar masallaci. Mutane suka sauke numfashi. Waɗanda suka ɗaura amalanke suka kwance, har ana yi musu tsiya. Baba Hodi ya naɗe tabarmarsa, ya ɗauki tocila, zai tafi bukkarsa ta cikin fadama inda ya saba kwana yana gadin tari saboda dabbobi. Rauda ta tare shi a ƙofar gida ta ce, "Baba, yau dai ka kwana gida, raina bai kwanta ba."

Ya ce, "Ke, in mijinki yac ce ba komi, to ba komi."

Ruwan ya iso kafin kiran asalatu.

Shi kuwa mutumin sai da rana ta haska ɗakin da Kalilu ya sauka a unguwar Nasarawa sannan ya farka, kansa kamar ana sara. Babu magariba, babu isha'i, babu asuba. Ya lalubo waya ya kunna. Kiran farko da ya shigo na Rauda ne. Ba ta yi masa sallama ba, ba ta tambaye shi inda ya kwana ba. Cewa ta yi, "Ruwa ya ci fadama. Baba bai dawo ba."

Bai san yadda ya kai tasha ba. Buhunan da tamfol ɗin ma a can ya manta su, kuma da ya ɗauko, me za a zuba a ciki? Tun kafin mota ta kai mararrabar ƙauyensu ya hango abin da ya aikata. Inda jiya tarin shinkafa ke jere har iyakar gani, yau ruwa ne shimfiɗe, ja, yana tafiya a hankali. Damman shinkafa na yawo a kai. Maza sun shiga da jirage da goruna suna kamo abin da hannu ya kai, su jefo a tudu, ya riga ya jiƙe. Mata na tsaye a gefe, wasu na kuka, wasu sun wuce kuka. Abincin shekara na gida sama da ɗari biyu, da irin baɗi, da injinan ban ruwa, duk a dare ɗaya.

Sai washegari masunta suka samo Baba Hodi, rassan wata bishiyar giyayya sun riƙe shi, tocilarsa na rataye a wuyansa.

Kuna tsammani a nan mutumin ya faɗi ya ce ni ne? Ina! Wanda ya yi ƙarya don ya rufe kwalba, zai yi wata don ya rufe gawa. Ya ce wayarsa ce ta mutu a kasuwa. Ya ce da ya samu caji ya kira wani mutumin Augie, aka ce masa ruwa ya fara ja da baya. Ya yi kuka a wurin jana'iza, kukan gaske kuwa. Mutane suka dubi shekara goma sha ɗaya da ya yi bai taɓa saɓa musu ba, suka ce ƙaddara ce, kowa na iya kuskure. Har wasu na ba shi haƙuri.

Ranar sadakar uku ana zaune a kan tabarmi a ƙofar gidan mamaci, yana tsakiya yana karɓar gaisuwa. Sai ya lura wata waya na yawo daga hannu zuwa hannu a layin baya. Duk wanda ya karɓa sai ya duba, ya ɗago ya dube shi, ya miƙa wa na kusa. Tana matsowa, tana matsowa, har ta iso hannun Malam Aminullahi.

Kalilu ne ya sa hoton a Fesbuk tun daren Alhamis, ba da mugunta ba, don murna. Ya rubuta a ƙasa: Yau ni da Kurungu, bayan shekara goma sha biyar. Ga su nan kai da kai, baki har kunne. Ga kwalabe a gabansu. Ga waya a kife. Ga kuma, a tsakanin kwalaben, hula zanna mai ruwan ƙasa, wadda duk wanda ke zaune a wurin ya san kan da ta fito.

Ba wanda ya zage shi. Ba wanda ya ɗaga masa hannu, ko da yake akwai samarin da sai da aka riƙe su. Malam Aminullahi ya juyo da fuskar wayar gare shi, ya yi masa tambaya ɗaya, a hankali.

"Kac ce ka bincika. Wa ka tambaya?"

Mutumin ya kawar da kai daga hoton. Ladan ya ce, "Hannuna na bisa makunni. Hannuna na bisa makunni, na sauke shi don na yarda da kai." Sai ya fashe da kuka, dattijo mai furfura, a gaban jama'a.

Kafin magariba an ba wani aikin sanda. Rauda ta aiko a karɓo mata takardarta. Da ya matsa sai ya gan ta, ta fito ta tsaya daga bakin zaure, ta ce, "Na hana shi tahiya, yac ce in mijinki yac ce ba komi, to ba komi. Maganar da ubana yay yi ta ƙarshe ke nan a duniya. Kullum na dube ka ita zan ji." Ta koma ciki.

Kalilu fa? Ya riga ya hau motarsa ya koma Ikko, daga can ya goge hoton, ya turo saƙon ta'aziyya layi ɗaya. Bai yi asarar ko ƙwayar shinkafa ba.

Mutumin bai iya zama a garin ba. Ba korarsa aka yi ba. Amma in ya shiga sahu, sai na kusa da shi ya ɗan matsa. In ya yi sallama a majalisa, a amsa, hira ta mutu. A shekarar nan gidaje da yawa sun sayar da shanun noma don su ci, samari sun watse neman aiki, aure uku aka ɗage. Kowace ƙofa ya wuce, ya san abin da ya jawo mata. Ya tattara ya koma Augie yana dakon buhunan albasa.

Waɗanda suka san shi a can sun ce bai ƙara kusantar kwalba ba. Yamma ɗaya ce tak a cikin shekara goma sha biyar. Kuma wayarsa ba ta ƙara mutuwa ba, dare da rana a kunne, ko da yake ba mai kiransa.

Bayan shekara biyu, a wata damina, Yari na kwance ba lafiya, mutumin ya bi ta bakin gulbi da yamma, don ƙafarsa ta saba kai shi can. Ya dubi azara. Ruwa ya rufe tsaga ta huɗu. Nan take ya ciro waya ya kira Malam Aminullahi. Ya rantse da Allah, ya ce ga shi tsaye a gabanta, da idonsa yake gani, a yi shela yanzu.

Ladan ya saurare shi har ya gama. Sannan ya ce, "Na ji ka. Sai mun ji daga bakin Mai Sanda." Ya kashe.

Gaskiya ya faɗa, ya 'yan uwa. Sabon Mai Sanda ya bincika ya tabbatar, aka yi shela, aka kwashe shinkafa, ba a rasa komai ba. Amma ba da maganarsa ba. Yana tsaye a bakin ruwa da gaskiya a bakinsa, ba ta da mai saye.

To, ina masu cewa zama kawai zan yi, ba sha ba? Ina masu cewa rabin kofi ne, yau kaɗai, don tsohon aboki? Hukuncin giya kun san shi, yaran makarantar allo ma sun sani, ba sai na maimaita ba. Abin da nake so ku gani shi ne ba ta zuwa ita kaɗai. Ta zo wa mutumin nan da barin salla. Ta zo da ƙarya. Ta zo da cin amana. Ta tafi da ran tsohon da ya tsaya masa a gaban jama'a ranar da kowa ke shakkarsa.

Kada wani ya ce ai ni ba a ba ni sanda ba. An ba ka. Direba, fasinjan da ya yi barci a bayanka a kan me ya yi barci? Malamin asibiti, mai gadi, mai awo, uban gida, akwai waɗanda suka kwance amalankensu suka kwanta saboda sun yarda kana nan a farke. Ba ka san daren da ruwa zai zo ba. Shi ma da safe a tsaga ta biyu ya bar shi.

Ga ma'auni mai sauƙi, ku tafi da shi gida. Duk wurin da za ka shiga sai ka cire hula don kada a gane ka, duk wurin da za ka zauna sai ka kashe waya don kada iyalinka su ji inda kake, tashi ka fita. Tun daga bakin ƙofa ka juya. Abokin da zai ji haushi, bar shi ya ji. Ka gaishe shi a rana, ka kai shi gidanka ya ci tuwo, ku yi hirar da a gaban 'ya'yanka. In zumuncin na gaskiya ne, zai iya zama a tsakar gida.

Ƙofar tuba a buɗe take, kuma muna yi wa bawan Allahn nan fatan ya dace da ita. Amma tuba ba ta tsamo shinkafa daga ruwa, ba ta dawo da Baba Hodi ga 'yarsa.

Ya Allah, Ka jiƙan wanda ya kwana a fadama da yarda a zuciyarsa. Ka raba mu da zaman da za mu ji kunyar a same mu a cikinsa. Ka sa mu kasance a farke ranar da aka neme mu, Ka bar gaskiyarmu da daraja a kunnen mutane har mu koma gare Ka. Allah Ya kiyaye mu, Ya kiyaye waɗanda ke barci a kan amanarmu. Amin.